Idan pip ya ƙi aiki a Python na cikin manhaja, ba laifin mai koyo ba ne

Labarin yakan zo kusan iri ɗaya. Matashi ya fara koyon Python a wayarsa, hannunsa ya ɗan faɗa, sai ya samu laptop, tasa ko ta aro, ya shiga python.org don ya sauke na Windows. A shafin saukewa akwai jerin fayiloli. Ɗaya ya haura MB 20, wani kuma mai suna Windows embeddable package bai wuce kusan MB 10 ba. Duk wanda ke lissafin data ya san wanda ido zai fara sauka a kai. Ya sauke ƙaramin, ya warware zif ɗin, ya danna python.exe, ga shi ya buɗe. Ya rubuta 2 + 2, ya ba shi 4. Sai ya koma kan bidiyon da yake bi, inda mai koyarwa ya ce a rubuta pip install requests. Nan take baƙin allo ya ce bai san wani abu wai shi pip ba.

Daga nan wahala ke farawa. Wasu kan kwashe dare guda suna kwafo umarni daga nan da can. Wasu kan goge komai su sake saukewa har sau uku. Wasu kuwa, kuma su ne abin damuwa, sai su yanke hukuncin cewa harkar rubuta manhaja ba tasu ba ce. Alhali ba su yi kuskuren da ya kai haka ba. An dai miƙa musu kayan da ba domin su aka ƙera ba, kuma ba wanda ya tsaya ya faɗa musu.

Ba lalacewa ya yi ba, haka aka gina shi

Wannan ƙaramin Python ya fara fitowa ne tare da Python 3.5 a shekarar 2015. Masu kula da Python sun yi shi domin kamfani ko mai rubuta manhaja ya ɗauka ya saka a cikin manhajarsa, yadda mai amfani ba sai ya girka Python da kansa ba. Kamar injin da aka ɗaure a jikin keken ɗinki ne: aikinsa juya wannan keken kaɗai, ba a yi shi don a riƙa jona masa firji da fanka ba.

Saboda haka aka cire masa abubuwa da gangan. Babu pip, wato manhajar da ke sauko da ƙunshin kayan aiki daga rumbun PyPI. Babu ensurepip da ake amfani da shi wajen dawo da pip. Babu venv mai ware wa kowane aiki nasa ɗaki. Babu tkinter, babu IDLE. Hatta ainihin laburaren Python an matse shi a cikin zif guda, irin su python311.zip. Takardun Python na hukuma sun faɗi abin a fili: ba a goyon bayan sarrafa ƙunshi da pip a wannan nau'in kamar yadda ake yi a cikakken Python, kuma wanda ya haɗa manhajar shi ke da alhakin sako duk ƙunshin da take buƙata tun daga farko.

Makullin duka yana cikin wani ɗan fayil da ke zaune kusa da python.exe. A sigar 3.11 sunansa python311._pth, a 3.12 kuma python312._pth. Layukansa ba su da yawa, amma muddin yana nan, Python zai killace kansa. Ba zai saurari PYTHONPATH ba, ba zai leƙa rajistar Windows ba, ba zai nemi kaya a ko'ina ba sai wuraren da aka lissafa a cikin fayil ɗin. Layin ƙarshe, wato import site, an sa masa alamar # a gaba don kada ya yi aiki. Shi ya sa ko mutum ya sauke get-pip.py ya girka pip, ya ga fayilolinsa da idonsa a cikin Lib\site-packages, Python zai ci gaba da cewa No module named pip. Kayan suna cikin gida, amma an hana shi shiga ɗakin da suke.

Wannan killacewa ita ce amfaninsa. Manhajar da ke ɗauke da Python nata ba za ta lalace ba don mai kwamfuta ya girka wani Python daban ko ya goge shi. Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka ɗauki abin da aka gina don ya zauna a rufe, aka ce wa sabon shiga ya buɗe shi.

Dabarar cire # da abin da ke bin bayanta

Maganin da ya fi yawo a intanet shi ne a buɗe fayil ɗin ._pth, a goge alamar # daga gaban import site, sannan a gudanar da get-pip.py. Gaskiya ne, yana aiki. Ƙunshi irin requests zai sauka lafiya, mai koyo ya yi hamdala. Amma rana ta biyu ko ta uku sai wata sabuwa ta ɓullo.

Dalili shi ne ƙunshin Python iri biyu ne. Akwai wanda aka riga aka dafa, wanda ake kira wheel, sai dai a sauke a ajiye. Sunansa kan nuna wa aka yi wa shi: cp311 na nufin Python 3.11, win_amd64 kuma Windows mai bit 64. Akwai kuma ɗanye, wanda dole kwamfutar mai saukewa ta harhaɗa shi da kanta. Idan pip bai samu dafaffen da ya dace ba, sai ya ɗauko ɗanyen. A nan ƙaramin Python ke durƙushewa, domin ba shi da foldar include inda Python.h yake, ba shi da foldar libs, kuma hanyar da pip ke bi ya shirya wa kansa wurin harhaɗawa na wucin gadi ta dogara da PYTHONPATH, wanda fayil ɗin ._pth ya riga ya toshe wa kunne. Sai jan rubutu ya cika allo, wani lokaci a ce ba a ga setuptools ba, wani lokaci a ce ana buƙatar Microsoft Visual C++ 14.0 ko sama. Wanda ya bi wannan saƙon zai je ya sauke kayan harhaɗawa na Microsoft masu cin gigabait da dama, ya dawo ya tarar har yanzu ba a ga Python.h ba.

Akwai ma wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. A cikakken Python, idan mutum ya ajiye fayiloli biyu a folda ɗaya, ɗaya zai iya kiran ɗaya ba tare da wani shiri ba. A killataccen Python ba a saka foldar aikin mutum cikin wuraren dubawa, don haka fayil ɗin da mai koyo ya rubuta da hannunsa, yake kallon sa, sai a ce babu shi. Littafin da yake bi bai yi ƙarya ba, shi ma bai yi kuskure ba. Python ɗin ne ba irin wanda littafin ke magana a kai ba.

Kwamfuta ɗaya, Python uku

Ba masu koyon rubuta manhaja kaɗai abin ya shafa ba. Matasa da yawa yanzu suna hulɗa da Python ba tare da sun sani ba. Blender, manhajar zane mai siffa uku, tana ɗauke da Python nata. ComfyUI, da ake haɗa hotunan ƙirƙirarriyar basira da ita, tana da nau'in da ba sai an girka ba, kuma a cikinsa akwai folda mai suna python_embeded. QGIS ta masu taswira ita ma da nata take zuwa a Windows. Idan mai kwamfutar ya taɓa girka Python daga python.org ko daga Microsoft Store, to ga Python uku ko huɗu a na'ura ɗaya, kowanne da ma'ajiyarsa.

Yanzu sai wani ƙari da aka ɗora wa ComfyUI ya ce yana buƙatar wani ƙunshi. Mai amfani ya buɗe baƙin allo ya rubuta pip install. Komai ya tafi daidai, har aka rubuta masa cewa an girka. Ya koma manhajar, kuskuren na nan daram. Abin da ya faru shi ne kalmar pip ita kaɗai takan kira pip na Python ɗin da Windows ta fara cin karo da shi, ba na cikin manhajar ba. An kai kaya gidan maƙwabci. Umarnin da ya dace shi ne wanda ya ambaci Python ɗin da sunansa: python_embeded\python.exe -m pip install, sannan sunan ƙunshin. Bambancin 'yan kalmomi ne, amma idan ƙunshin irin PyTorch ne mai aiki da katin Nvidia, wanda ke haura GB 2, kuskuren ya cinye datar mako guda. A Najeriya, inda hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ɗalibi.

Ko an kai kayan gidan da ya dace ma, da sauran rina a kaba. Python na cikin manhaja ma'ajiya ɗaya gare shi, kuma manhajar kanta a kan wannan ma'ajiya take tsaye. Sabon ƙunshi zai iya jawo sabuwar sigar wani abu da manhajar ta dogara da tsohuwarsa. An ga haka bayan fitowar NumPy 2.0 a watan Yunin 2024: ƙunshin da aka harhaɗa a kan NumPy na 1 suka riƙa ƙin tashi a kan sabon. Mutum ya je ƙara abu ɗaya, ya dawo manhajar gaba ɗaya ta ƙi buɗewa, kuma babu maɓallin komawa baya.

A waya ma haka zancen yake

Masu koyo a Android sun san irin wannan ciwon kai. Pydroid 3 da Termux duka suna ba da Python da pip, amma yawancin dafaffun ƙunshi na Linux da ke PyPI an yi su ne don tsarin da ke amfani da glibc, ita kuwa Android da Bionic take aiki. Don haka pip install numpy a Termux kan koma harhaɗawa a kan wayar, ta yi zafi, caji ya zube, a ƙarshe wataƙila ya faɗi. Masu Termux sun tanadi nasu dafaffen, wanda ake samu da pkg install python-numpy, har ma sun toshe sabunta pip ta hanyar pip don kada ya ɓata tsarinsu. Pydroid 3 kuma tana da wata manhaja ta daban a Play Store da ke riƙe da ƙunshin da aka riga aka harhaɗa. Sai a Python 3.13, a watan Oktoban 2024, Android ta shiga jerin dandamalin da Python ke tallafa wa a hukumance.

Masu wasa da ƙananan alluna irin ESP32 da Raspberry Pi Pico su ma suna da nasu. MicroPython, wanda Damien George ya fara a 2013, ba ya ɗaukar yawancin abin da ke PyPI, domin allo irin Pico na farko KB 264 kacal gare shi na ƙwaƙwalwar aiki. Tun sigar 1.20 a 2023, kayan girka ƙunshinsa shi ne mip, wanda ya maye gurbin upip. Duk wani darasi da ke cewa upip ya tsufa, amma yana nan a intanet yana ɓatar da mutane.

Darasin iri ɗaya ne a ko'ina: sunan Python ɗaya ne, amma gidajensa daban-daban, kuma kowane gida da ƙofarsa.

To, nauyin a wuyan wa yake?

Na farko, masu haɗa manhaja. Wanda ya zaɓi ya saka killataccen Python a manhajarsa ya karɓi sharaɗin da ke tare da shi, cewa shi zai kawo duk abin da ake buƙata. Ba daidai ba ne ya ci moriyar killacewar, sannan idan ana son ƙari ya tura mai amfani baƙin allo ya je ya yi fama. Idan manhaja tana karɓar ƙari daga waje, to ta tanadi hanyar girka su a cikinta, ta kuma tsare sigogin da take tsaye a kansu. Blender ta nuna cewa abu ne mai yiwuwa: tun sigar 4.2 a 2024, tsarinta na ƙari ya ba mai rubuta ƙari damar sako dafaffun ƙunshinsa a ciki, mai amfani ya danna maɓalli kawai. Abin da ya kamata ya zama ƙa'ida ke nan.

Na biyu, masu koyarwa a YouTube, TikTok da guruf-guruf na WhatsApp da Telegram. Duk darasin da ya ce pip install bai faɗi wane Python ba, rabin darasi ne. Ƙara daƙiƙa talatin a nuna wa ɗalibi fayil ɗin da zai sauke da wanda zai guje wa ba zai rage wa bidiyo armashi ba. Haka kuma mai yaɗa dabarar cire # ya kamata ya faɗi iyakarta, kada ya sayar da ita a matsayin Python mara nauyi ga mai ƙaramar data. Arha ce da ke zama tsada.

Na uku, shafin saukewa na Python kansa. Gargaɗin yana cikin takardu, amma sabon shiga ba ya fara da takardu, da maɓallin saukewa yake farawa. Jimla ɗaya a kusa da fayil ɗin, mai cewa wannan na masu haɗa manhaja ne ba na masu koyo ba, da ta ceci mutane da yawa.

Akwai masu ganin cewa wannan ƙorafi ya yi yawa. Hujjarsu ita ce yawancin waɗannan manhajoji kyauta ne, 'yan sa-kai ke rubuta su, kuma fama da kuskure shi ne hanyar ƙwarewa. Akwai gaskiya a ciki. Ba wanda ya isa ya tilasta wa ɗan sa-kai aiki, kuma duk gwani ya sha jan rubutu kafin ya zama gwani. Sai dai wahala iri biyu ce. Wadda mutum ya sha yana neman inda lissafinsa ya karkace tana ƙara masa ilimi. Wadda ya sha saboda alamar # a fayil ɗin da ba a taɓa ambata masa ba, a makonsa na farko, ba abin da take koya masa sai shakkar kansa. Kuma gyaran da ake nema ba babba ba ne: layi biyu a takardar bayani, ko ɗan fayil da zai kira Python ɗin da ya dace. Hakan ma sauƙi ne ga 'yan sa-kan, don zai rage musu amsa tambaya ɗaya sau ɗari.

Inda abin ya wuce asarar data

Mutumin da ya gaji, ƙarfe biyun dare, zai kwafi duk umarnin da aka ce zai yi magani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. PyPI na ɗauke da ayyuka sama da 500,000, kuma kowa na iya ɗora nasa. Ɓata-gari kan yi rajistar sunaye masu kama da na sanannun ƙunshi, da bambancin harafi ɗaya, suna jiran wanda zai yi tuntuɓen rubutu. A watan Maris na 2024 sai da PyPI ta dakatar da rajistar sababbin masu amfani na ɗan lokaci saboda irin wannan farmaki. Ɗanyen ƙunshi kuwa yana iya gudanar da umarni tun lokacin girkawa, kafin ma a yi amfani da shi.

Kalmar killacewa kada ta ruɗi kowa. Python na cikin manhaja an killace shi ne daga sauran Python, ba daga fayilolin mai kwamfuta ba. Mugun ƙunshin da ya shiga cikinsa zai iya kaiwa ga kalmomin sirri da ke ajiye a burauza kamar kowace manhaja. A 2024 an gano wani ƙari na ComfyUI da aka cusa wa lambar satar bayanan burauza. Duk manhajar da ta saba wa masu amfani da ita kwafo umarnin girkawa daga baƙi, ta koya musu ɗabi'ar da ɓarawo ke so.

Abin da mai koyo zai riƙe

Kafin masu manhaja su gyara nasu, akwai abubuwan da ke hannun mai amfani. Wanda ke son koyo ya sauke cikakken Python, ko da ya fi nauyi, ya kuma danna akwatin da ke saka shi cikin PATH lokacin girkawa. Kowane sabon aiki ya buɗe masa ɗakinsa da python -m venv, yadda idan abu ya ɓaci foldar kawai zai goge. Ya saba rubuta python -m pip maimakon pip shi kaɗai, domin hakan na tabbatar da cewa Python ɗin da ya kira shi ne zai karɓi kayan. Idan yana shakkar wanne ke aiki, layi biyu sun isa: import sys, sannan print(sys.executable). Zai nuna masa ainihin inda Python ɗin yake zaune.

Wanda dole ta sa shi taɓa Python na cikin wata manhaja, ya fara kwafe foldar gaba ɗaya ya ajiye a gefe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kira python.exe na cikin foldar da cikakken adireshinsa, ya kuma karanta jerin abin da pip ya ce zai cire ko zai sabunta. Idan ya ga sunan numpy ko torch a ciki alhali ba su ya nema ba, ya dakata.

Ga masu koyo a rukuni kuwa, akwai hanyar rage kashe data da ba a cika ambata ba. Mutum ɗaya ya yi amfani da pip download ya tara ƙunshin a folda, ya raba wa sauran ta filashi ko Xender, su kuma su girka da --no-index da --find-links ba tare da intanet ba. Sharaɗin kawai sigar Python da nau'in Windows su zo ɗaya.

Ƙaramin Python na Windows kayan aiki ne mai kyau a hannun wanda aka yi shi dominsa. Mai haɗa manhaja ya ɗauki nauyin da ya zo da shi, mai koyarwa ya faɗi wane Python yake nufi. Shi kuma ɗalibin da allo ya ce masa No module named pip a darensa na farko, ya sani cewa fayil ɗin da ya sauke ne bai dace ba. Ya koma shafin, ya ɗauki na MB 20 da 'yan kai ɗin, ya ci gaba daga inda ya tsaya.